Wuƙar Bindiga: Tarihinta, Amfaninta, da Rubutun da ke Bayanta

 

Hirarmu ta wannan mako ta tarihi ce. Za mu yi magana a kan wani ƙarfe da yawancinku kun taɓa gani. Wani ya gan shi ranar faretin soja. Wani ya gan shi rataye a ɗakin tsoho ɗan mazan jiya. Wani kuma a kasuwa ya gan shi, a shimfiɗar mai saida tsofaffin ƙarafa. Wannan ƙarfe shi ne wuƙar da soja yake ɗaurawa a bakin bindigarsa. Wasu suna ce mata baneti. Mu a nan za mu riƙa ce mata wuƙar bindiga.

Tambaya uku za mu amsa. Daga ina ta fito? Wane amfani ta yi wa soja? Don me wasu mutane suke tara ta, har suna biyan kuɗi mai yawa a kan tsohuwa mai tsatsa? In ka bi mu har ƙarshe, za ka ga abu guda: wannan wuƙa shaida ce. Akwai rubutu a jikinta, kuma wanda ya iya karatu yana iya sa ta ta faɗa masa inda aka ƙera ta da shekarar da aka ƙera ta.

Asalinta

Mu koma baya kamar shekara 400, a ƙasashen Turai. Bindigar wancan zamani ta baki ake ɗura ta, kamar bindigar maharbanmu. A zuba albarushi, a sa harsashi, a danna da sanda, sannan a harba. Soja gwani ma ba ya wuce harbi 2 ko 3 a minti ɗaya. To, kafin ya sake ɗuri, mai doki ya iso kansa da takobi. Saboda haka kowace runduna tana da mutane iri biyu: masu bindiga, da masu dogon mashi da ke tsaron su. Tsawon mashin yakan kai mita 4 ko 5.

Sai dabara ta zo: a mai da bindigar kanta mashi. Aka ƙera wuƙa mai siririyar ƙota, ana cusa ƙotar cikin bakin bindiga. Sunanta na Faransanci ya fito daga Bayon, wani gari na kudu maso yammacin Faransa. A shekarar 1671 aka raba irin wannan wuƙa ga wani rukunin sojojin sarkin Faransa.

Amma ka lura da aibinta. In wuƙa tana cikin bakin bindiga, ba halin harbi. In kuma an cire ta don a yi harbi, ba mashi. An ga illar wannan a ƙasar Sikotilan a shekarar 1689, a wani wuri da ake kira Kilikaranki. Sojojin gwamnati suka yi harbi, mutanen duwatsu suka gangaro musu a guje da takubba. Kafin sojoji su gama cusa wuƙaƙensu, an riga an auka musu, aka watsa su.

Daga nan maƙera suka gyara. Suka yi wa wuƙar zobe, ko ɗan bututu, wanda yake shiga ta wajen bakin bindiga, ya bar ramin harsashi a buɗe. Yanzu soja yana iya harbi da wuƙarsa a ɗaure. Wani babban injiniyan soja na Faransa mai suna Boban ya dage a kan wannan sabon iri. A shekarar 1703 Faransa ta ajiye dogon mashi ɗungum. Mutum ɗaya ya ɗauki aikin mutum biyu.

Tsoronta ya fi saranta

A zamanin doki da takobi, wuƙar bindiga ta yi rana. Dakaru sukan tsaya sahu-sahu ta kusurwa huɗu, kamar dangar gida, tsinin wuƙaƙe yana kallon waje. Doki ba mahaukaci ba ne, ba ya faɗa wa shingen ƙarfe. Haka sojojin Ingila suka tsaya a Watalu a shekarar 1815, mahayan Napoliyon suka yi ta kai hari ba su fasa su ba.

Amma ga abin mamaki. Likitocin soja da suka ƙidaya raunuka sun tarar kaɗan ne na wuƙar bindiga. A yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, an rubuta raunuka wajen dubu 246 a asibitocin sojan Arewa. Cikinsu 922 ne kawai na takobi ko na wuƙar bindiga. Wato ko 1 cikin 100 bai cika ba.

Me ya sa haka? Domin in sahu ya taso da ihu, ƙarfe yana walƙiya, galibi ɗaya daga ɓangarorin biyu yakan karaya kafin a haɗu. Ko masu jira su juya da gudu, ko masu zuwa su tsaya. Aikinta na farko shi ne karya zuciya.

Da bindigogi suka ƙara sauri, sai darajarta a fagen fama ta yi ta raguwa. Amma manyan hafsoshi sun daɗe ba su yarda ba. A farkon yaƙin duniya na farko, hafsoshin Faransa sun tura samari da wuƙa a bakin bindiga, su tasam ma bindigogi masu aman wuta da igwa. Ranar 22 ga watan Agusta na 1914, a wuni ɗaya tak, Faransa ta yi asarar sojoji wajen dubu 27. A wannan yaƙi, igwa ce ta yi mafi yawan ɓarna. Raunin farin makami bai kai 1 cikin 100 ba.

Yadda ta zo ƙasarmu

Kakanninmu suna da nasu makamai: mashi, takobi, kwari da baka, garkuwa, lifidi. Suna da bindiga ma. A Damagaram, zamanin Sarki Tanimu, ana haɗa albarushi, har igwa ana ƙerawa. Amma ɗaura wuƙa a bakin bindiga, da koya wa dakaru su taso tare da ita sahu ɗaya, wannan tsarin sojan Nasara ne.

A shekarar 1857 gwamna Fedarbe ya kafa rundunar baƙar fata a Senegal, waɗanda ake kira tirayer. Ana ce musu ƴan Senegal, amma daga ƙasashe da yawa na yammacin Afirka aka ɗebo su. Da su Faransa ta ci ƙasashenmu. A ƙarshen ƙarni na 19 bindiga iri biyu ce a hannunsu: Gras ta 1874, da Lebel ta 1886. Ta gindi ake ɗura su, harsashinsu yana zuwa nesa, Lebel kuwa tana cin harsashi 8 a cikinta. Kowacce da wuƙarta. A shekarar 1890 kuma ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Burusel, suka taƙaita saida wa ƴan Afirka bindigogin zamani. Ka ga ba a shiga fagen da ƙarfi ɗaya ba.

Shekarar da ba a mantawa da ita ita ce 1899. A shekarar ce ayarin kaftin Bule da kaftin Shanwan ya ratsa ƙasar nan daga bakin kogin Kwara ya nufi tabkin Cadi. A watan Janairu, a Sansane Hausa, an kashe mutane wajen 100, har da mata da yara. Labaran da aka rubuta a kan ayarin sun nuna cewa sau da yawa da wuƙar bindiga da mashi ake kashe kamammu, don kada a ɓata harsashi. A watan Afrilu suka yi karo da Sarauniya a Lugu. A watan Mayu suka auka wa Birnin Ƙonni, suka yi kisa mai yawa. Labari ya kai Faransa, aka aiko kanar Kulob ya tsai da su. Ranar 14 ga Yuli, a Ɗankori, cikin ƙasar Tasawa, Bule ya sa aka harbe shi. Kwana biyu zuwa uku bayan haka, sojojinsu da kansu suka kashe Shanwan da Bule. Kaburburansu suna Maijirgi. Sauran ayarin ya ci gaba, aka gwabza a Tirmini, suka shiga Damagaram a ƙarshen watan Yuli.

Ka tsaya ka yi tunani a nan, ɗan'uwa. A fagen yaƙi tsakanin soja da soja, wuƙar bindiga ba ta kashe mutane da yawa ba. Inda ta fi sha jini shi ne a kan wanda ba shi da makami. Wannan ɓangare na tarihinta a ƙasarmu aka rubuta shi, kuma bai kamata a ɓoye wa ƴaƴanmu shi ba.

Daga hannun mai ci zuwa hannun wanda aka ci

Ba a yi shekara 20 ba, sai ga ɗiyan ƙasashen da aka ci su ne riƙe da wannan wuƙa. Daga 1914 zuwa 1918 Faransa ta ɗebi samari kusan dubu 200 daga yammacin Afirka. Wasu da yardarsu, da yawa kuma tilas, ta hannun sarakuna da gardawan kumandan. Wajen dubu 30 ba su dawo ba. Tirayer suna cikin waɗanda suka ƙwato ganuwar Duwomon, kusa da Bardan, ranar 24 ga Oktoba 1916. A watan Afrilu na 1917, a wani tudu da ake kira Shaman de Dam, an tura su gaba cikin sanyi da ƙanƙara, yatsunsu sun ƙage, dubbai suka faɗi cikin ƴan kwanaki.

Wuƙar da suka riƙe a wannan yaƙi ita ce ta Lebel, wadda sojojin Faransa suka laƙaba wa sunan mace, Rozali. Tsawon ruwanta santimita 52, wato kamu ɗaya da ɗan ƙari. In an ɗaura ta, bindiga da wuƙa sun zarce mita 1 da santimita 80, sun fi mutane da yawa tsawo.

Bayan wannan aka yi yaƙin Hitila, daga 1939 zuwa 1945. Aka yi na Indoshin, daga 1946 zuwa 1954, da na Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962. A duka akwai ɗiyan Nijar. A yaƙoƙin ƙarshe, bindigar da suka fi sani ita ce MAS 36. Ita wuƙarta ba ta da kube. Tsinke ne na ƙarfe da ke kwance cikin wani bututu a ƙarƙashin bakin bindiga. In ana bukata a zaro shi, a juya shi, a mayar tsini yana kallon gaba.

To ka ga ƙarfe ɗaya, labari biyu. Da shi aka zo mana, da shi kuma aka tura kakanninmu su mutu a ƙasar da ba tasu ba.

Aikin yau da kullum

Soja yakan yi wata da watanni bai ga abokin gaba ido da ido ba. Amma kullum sai ya ci abinci, sai ya hura wuta, sai ya gyara makwanci. Nan wuƙar bindiga ta samu aikin da maƙeranta ba su nufa ba. Da ita ake huda gwangwanin nama. Da ita ake gasa burodi a kan wuta. Ana kafa ta a ƙasa, a sa kyandir cikin zobenta, ta zama fitila. Ana tona ƙasa da ita. Ana kafa ta turken tanti. A yaƙin Hitila, sojoji sun riƙa rarrafe suna soka ta a hankali cikin rairayi, a karkace, suna laluben nakiyar da aka binne.

Sai dai ba kowacce ke da wannan amfani ba. Rozali ba ta da kaifi ko kaɗan. In ka yanke ruwanta ka dubi bakin, za ka ga siffar gicciye mai kusurwa huɗu. Suka kawai aka yi ta dominsa. Ba ta yanka igiya, ba ta fere itace, kuma saboda siririya ce takan lanƙwashe ko ta karye. A cikin ramukan yaƙi masu ƙunci, tsawonta ma wahala ne. Sojoji da yawa sun guntule ta sun yi ƴar wuƙar hannu. Tana da wata ƙugiya a wuyanta da ke sarƙewa da waya mai ƙaya, sai aka daina yi mata ita daga 1915. Su kuwa tirayer, abin da suke aiki da shi na gaskiya shi ne adda, wadda Faransawa ke kira kup-kup, kuma tana cikin kayan da ake raba musu.

Jamusawa sun gwada wata dabara. Suka yi wa bayan wasu wuƙaƙensu haƙoran zarto, don masu aikin gini da yankan itace. Abokan gabansu suka ce ai don mugunta aka yi, suka riƙa huce haushi a kan duk wanda aka kama da ita. A 1917 Jamus ta fara janye su, ana goge haƙoran.

Bayan yaƙin Hitila sai wuƙar ta gajarce, ta koma kayan aiki sosai. Dubi wadda Rasha ta fitar a 1959 don bindigar Kalashnikov. Ruwanta santimita 15 ne kawai. Akwai zarto a bayanta, akwai ɗan rami a jikinta. In ka saƙala ramin a wani ɗan ƙarfe da ke ƙarshen kubenta, wuƙa da kube sun zama almakashin yanke waya. Amurka ma ta yi irin wannan a 1986.

Ba a ce an daina kai hari da ita gaba ɗaya ba. Sojojin Ingila sun yi a tsibiran Fokland a 1982, sun kuma yi a Iraƙi a 2004. Amma abin ya zama jefi-jefi, har a 2010 sojan ƙasa na Amurka ya cire gudun sukan buhu da wuƙa daga horon sababbin kurata. Inda ka fi ganinta shi ne a fareti da gadin girmamawa. Akwai ta ma a tutar ƙasar Mozambik ta 1983: bindiga da wuƙarta, an gicciya ta da fartanya, a kan buɗaɗɗen littafi.

Masu tara ta

An ƙera wuƙaƙen bindiga miliyoyi. Da yaƙi ya ƙare, da yawa suka zama tarkace. A Faransa an mai da wasu mazaunin kyandir, wasu abin tona wuta a murhu. A nan ma ka sani, ƙarfe mai kyau ba ya daɗewa a gaban maƙeri bai zama wani abu ba. Shi ya sa wadda ta tsira yadda aka ƙera ta take da daraja.

A Turai da Amurka akwai mutane da yawa da tara su ne abin sha'awarsu. Suna da littattafai masu hoton kowane iri, suna da kasuwanninsu. Akwai kuma gidajen tarihi, kamar gidan tarihin soja na birnin Pari. Dalilinsu a fili yake. Wuƙa ta fi bindiga araha, ta fi sauƙin ajiya, kuma kowacce tana ɗauke da alamar ƙasarta da zamaninta.

Abu huɗu mai tarawa yake dubawa. Na farko, rubutu da hatimi, ko suna karantuwa. Na biyu, lamba: in lambar da ke wuyan wuƙa ta yi daidai da ta kube, to tun asali tare suke, kuma kuɗinta ya ƙaru. Na uku, lafiyar ruwa: wadda aka wasa a dutse ko aka goge da magagari ta faɗi. Na huɗu, labari: ta wane ce, ina ta je. Ka sani kuma akwai na jabu, sababbi da ake tsufar da su da gangan don a cuci mai saye.

Zo mu karanta

Yanzu mun zo inda karatunka zai yi maka rana. In ka samu tsohuwar wuƙar Faransa, fara da duban siffarta.

In ƙotarta duka tagulla ce mai zane-zane, ruwanta kuma ya ɗan lanƙwasa kamar takobi, to ta bindigar Chassepot ce ta 1866. In ƙotarta itace ce da tagulla a gindi, ruwanta miƙaƙƙe mai faɗin baya, to ta Gras ce ta 1874. In siririya ce mai kusurwa huɗu, ƙotarta farin ƙarfe ko tagulla, to Rozali ce.

Biyun farko suna da rubutu a gadon bayansu, wato gefen da ba shi da kaifi, kusa da ƙota. Rubutun haɗe yake kamar na hannu. Ga misali:

Mre d'Armes de St Etienne Janvier 1878

Mu bi shi kalma kalma. Mre gajartawa ce, ma'anarta maƙera babba. Armes, makamai. St Etienne sunan gari ne a Faransa. Janvier shi ne Janairu. Sai shekara. Wato an ƙera wannan wuƙa a maƙerar makamai ta garin Santetiyan, a watan Janairu na 1878. Wasu za ka ga Châtellerault ko Tulle, su ma garuruwan maƙera ne. Ko Faransanci bai zauna maka ba, lambobi dai ka san su, shekara ba za ta ɓace maka ba. Watanni kuwa da yawa sun yi kama da namu: Mars, Maris, Mai, Mayu, Octobre, Oktoba.

Rubutun yakan faɗi fiye da haka. A kan wasu na Chassepot za ka ga Impale bayan Mre. Ma'anarta ta sarki, domin an ƙera ta zamanin Napoliyon na 3, wanda mulkinsa ya faɗi a 1870. In ka ga sunan Mutzig, shi ma tsoho ne, domin Jamus ta karɓe yankin wannan gari a 1871. In kuma ka ga ɗan hatimi mai siffar ƙugiyar jirgin ruwa a wuyan wuƙa, alamar sojan ruwa ce da rundunonin da ake turawa ƙasashen mallaka. Irin alamar ce take kan maɓallan rigar tsofaffin tirayer.

Rozali ba ta da wannan dogon rubutu. Abin da za ka samu shi ne harafi da lamba a wuyanta, wato lambar bindigar da aka haɗa ta da ita.

Amma ka yi hattara da abu ɗaya. Shekarar da ke jikin wuƙa ta ƙira ce. Ba ta nuna shekarar da kakanka ya yi soja. Faransa takan miƙa tsofaffin bindigoginta ga gardawa da masu tsaron ƙasashen mallaka, su yi shekaru da yawa suna aiki da su. Kuma soja in an sallame shi, makami na gwamnati ne, yakan mayar. Saboda haka wadda ke gidanku tana da hanyar da ta biyo, ko ta gadi, ko ta kasuwa, ko tsintuwa. Wannan hanya ƙarfe ba zai faɗa maka ita ba. Sai bakin tsofaffi.

In akwai ta a gidanku

Ga shawara biyar.

Ɗaya: kada ka wasa ta, kada ka kai ta ga maƙeri ya goge. Rubutun ba shi da zurfi, in ya tafi ya tafi ke nan. Shafa mata ɗan man keken ɗinki da tsumma, ka bar shi ya kwana, ka share. Tsatsar sama za ta fita a hankali.

Biyu: ajiye ta cikin kubenta, a wuri busasshe, nesa da raɓar damina, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Tsohuwa ce, amma har gobe makami ce. Ba abin zuwa kasuwa ko wurin biki ba ce, ba kuma abin ɗagawa ba ce in rai ya ɓaci.

Uku: in a gona ko a daji ka tono ta, ka ga harsashi ko wani dunƙulen ƙarfe kusa da ita, kada ka taɓa. Tsohon gurneti yana iya tashi bayan shekaru masu yawa. Sanar da maigari da hukuma.

Huɗu: ɗauki littafinka da alƙalami. Kwafe duk abin da ke jikinta, harafi da lamba. Sannan ka zauna da tsofaffin gida, maza da mata, ka tambaye su. Wa ya kawo ta? Wace shekara, ko zamanin wane sarki? Ina ya je, da wa suka tafi, wa ya dawo, wa bai dawo ba? Rubuta amsarsu da Hausa, yadda suka faɗa. In akwai littafin soja na mai ita, ko lambar girma, ko hoto, haɗa su wuri ɗaya.

Biyar: in mai sayen kayan da ya zo ya taya, kada ka yi gaggawa. Jika biyu ko uku za su ƙare kafin kasuwa ta sake ci. Shi ya san abin da yake saye, kai ma ka san abin da kake saidawa. In ta bar gidan ba tare da labarinta ba, can inda za ta je lamba ce kawai cikin tarin wani, sunan kakanka kuwa ya ɓace. In ba ku iya ajiyarta, ku nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi. Akwai na ƙasa a Yamai, wanda aka kafa a 1959, mai ɗauke da sunan Bubu Hama. Akwai kuma a Damagaram.

Waɗanda suka ga 1899 da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya. Na yaƙin 1914 ma haka. Na Indoshin da Aljeriya saura ƙalilan. Nasara sun rubuta nasu ɓangaren, da ranaku da lambobi. Namu yana cikin ka, kai kuwa ƙasa yake komawa. Abin da ka rubuta bana, jikanka zai karanta shi.

Tambayoyi don tattaunawa a ajinku

1. Me ya sa aka ƙirƙiro wuƙar bindiga, kuma wane aibi irin na farko yake da shi?

2. Waɗanne garuruwa na ƙasarmu aka ambata a labarin 1899? Me tsofaffin garinku suke faɗi a kan wannan shekara?

3. In ka ga an rubuta Mre d'Armes de Tulle Mai 1879, me ka gane?

4. Mutum nawa daga garinku suka yi sojan Faransa? Ku rubuta sunayensu a allo, kowa ya kwafe a littafinsa.

Nan za mu dakata. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.